Zoben da Na Kai Salvador

Na sauka a São Paulo da jaka ɗaya, da jallabiya biyu, da zoben azurfa da na zura a zare na rataya a wuya ƙarƙashin singileti. Zoben ba nawa ba ne, saƙo ne. Tun a cikin jirgi hannuna ke kai wa wuya yana dawowa, har baturiyar da ke kusa da ni ta miƙo mini alewar tari.

Mai saƙon ita ce Hajiya Tsahara, mutuniyar Damagaram, wadda ke tuƙa wa ɗalibai tuwo a wani bene a unguwar Ainu Shams ta Alƙahira. Mijinta ɗan kasuwa ne, shi ya kawo ta Alƙahira, ya rasu a nan, ita kuma ta ƙi komawa. Duk Bahaushen da kewar miyar kuka ta kama, ƙofarta yake bugawa. Ni na fi kowa bugawa, don na daɗe a Masar fiye da yadda ya kamata. Jarrabawar ƙarshe ta yi ta kayar da ni har na daina gaya wa mutanen gida a Gusau lokacin da za a sake ta.

Ɗanta ɗaya ne, Laminu, kuma ɗaki ɗaya muka zauna da shi a unguwar Hay el-Sabi'. Rubutun Larabci na ado ya koya. Idan ya fere alƙalami ya ja layi, har Misirawa sukan tsaya kallo, su da ba su cika yabon baƙar fata ba. Amma rubutu bai ciyar da shi ba, sai ya bi masu tafiya Brazil aikin yankan kaji a kamfanonin da ke neman Musulmi su yi yanka. Da farko kullum yana kira. Daga baya kiran ya ja baya, sai hotuna. Ya ce ya bar kaji, ya koma wani tsohon birni a bakin teku mai suna Salvador, yana zagayawa da masu yawon buɗe ido.

Da Hajiya ta ji wani dillali ya samo mini limancin tarawihi a Brazil, sai ta zaunar da ni ta miƙo mini wayarta.

"Nura, duba waɗannan hotunan. Me ka gani?"

Na ce, "Na ga ya yi fes, Hajiya. Gari ya karɓe shi."

"Kai dai ustazu ne kurum. Ina hannunsa na dama?"

Na sake dubawa. A wani hoton hannun na cikin aljihu, a wani yana baya, a wani ginshiƙi ya tare shi. Ta ce ko a kiran bidiyo da hagu yake riƙe waya, ɗayan ba ya ɗagowa, yaron da ba ya iya magana sai da hannu. Ta tambaye shi, ya yi dariya ya ce tsufa ne ke sa ta zargi. Sai ta kwance bakin zanenta ta ciro zoben marigayi Alhaji.

"Ka sa masa da hannunka, a dama, inda ubansa ke sawa. Ka ɗauko mini hoto. Ban son tsaraba, wannan kaɗai nake so."

Na ce mata Brazil ƙasa ce makekiya, inda za ni da inda yake akwai tazara. Ta ce ai duk waje ne, kuma duk wanda ya ci tuwonta ɗanta ne. Na karɓa.

A São Paulo na fara gane kurena. Na laluba har masallacin da dillalin ya ambata, na tarar da nasu mai karatun ya iso tun kafin a ga wata. Wani dattijo Balarabe ya saurare ni a bakin ƙofa, ya dubi jallabiyata, ya dubi takalmina, ya ce, "Ma'alish ya shaikh, yi haƙuri, ba mu san da zuwanka ba." Na kira dillalin, wayar a kashe. Har yau a kashe take. Ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya, na raɓe a ƙarƙashin rumfar wani shago ina zagin dillali da danginsa a fili, tunda na tabbata babu mai jin Hausa a wannan duniyar.

Sai na ji an ce, "Malam, azumi ne fa. A sassauta masa."

Baba Alhasan ke nan, tsoho ɗan zangon Kumasi, mai tallan rigunan waya a kan tabarma. Ya naɗe kayansa ya ja ni zuwa wani ɗaki a saman kantin taya, inda 'yan Afirka ta Yamma ke haɗuwa salla. Ba su da mai haddar kirki, ni ba ni da wurin kwana, sai muka rufa wa juna asiri. Nan na yi azumina. Da rana ina kwance a kan kafet mai warin danshi, ina jin ƙarar injin cire taya, da yamma su dawo da shinkafa da wake a robobi mu sha ruwa. Babu kiran salla a garin, sai dai agogon waya. Abin da ya ba ni mamaki, ba Gusau na yi kewa ba. Alƙahira na yi kewa, garin da na shekara ina tsine wa: ihun direbobin ƙananan bas, fitilun azumi a lunguna, da teburan buɗa-baki da ake jerawa a titi kowa ya zauna.

Laminu kuwa zillewa ya yi ta yi. Yau yana da baƙi, gobe aiki ya yi yawa, jibi wai ruwa ya lalata hanya. Bayan salla ƙarama na yanki tikitin mota tukuna na kira shi. Ya ce, "To, sai ka zo."

Tafiyar motar ba ta ƙarewa. Gari ya waye, rana ta faɗi, gari ya sake wayewa, muna nan dai a hanya, daga gonakin rake sai tuddai sai jar ƙasa irin ta gida. A wuraren tsayawa na ƙi cin wake, don Baba Alhasan ya gargaɗe ni cewa da naman alade suke dafa shi. Wata tsohuwa da ke gefena ta lura burodi kawai nake ci, ta buɗe ƙunshinta ta ba ni dafaffen rogo da ayaba. Da na shimfiɗa darduma a bayan wani gidan mai, ita ta tsaya a ƙofar mota ta hana direba tashi sai da na sallame. Ba mu yi magana ko ɗaya da muka fahimci juna ba, ta sauka a wani ƙauye ta tafi abinta.

A tashar Salvador na hango shi tun daga nesa, da billensa na kunci wanda Misirawa suka sha tambayarsa ko faɗa ya yi aka yanke shi. Ya rame, ba kamar hotunan ba. Ana zafi kamar a gasa mutum, shi kuma yana sanye da jaket, hannun dama a aljihu. Na miƙa hannu mu gaisa, sai ya rungume ni irin ta Misirawa, kafaɗa da kafaɗa, ya ɗauki jakata da hagu.

"Ustaz, ka tsufa. Yalla, mu je, yau sai ka ga gari."

Na ce mu fara zama, ina da saƙo. Ya ce saƙo ba ya gudu, rana ce ke gudu.

Gari biyu ne a haɗe, ɗaya a ƙasa a bakin ruwa, ɗaya a bisa dutse, kuma da lifta ake hawa daga wannan zuwa wancan, kamar mai hawa bene. Muka cusa kanmu cikin mutane, ƙofa ta rufe, ƙofa ta buɗe sai ga mu a sama. Daga nan teku ya shimfiɗu shuɗi shar, da ƙananan jirage, da wata tsohuwar ganuwa zagayayya a tsakiyar ruwa. Ni da ban san wani ruwa ba sai Nilu da kwalaben roba a bakinsa, na tsaya baki buɗe. Wallahi wurin ya yi kyau, ba zan zalunce shi ba. Sai dai ido ɗaya ne nake kallon teku da shi, ɗayan yana kan aljihun Laminu.

Muka shiga tsohon gari. Titunan da duwatsu aka daɓe su, masu santsi da gangare, ga gidaje a manne da juna, wannan ruwan ɗorawa, wancan shuɗi, na gaba kore, kamar an shanya atamfofi. Fentin a fuska kawai yake. Idan ka leƙa lungu sai ka ga bango ya ruɓe, bishiya ta tsiro ta taga. Samari na dukan manyan ganguna a kusurwa har kana ji a haƙarƙari. Laminu na gaba yana zuba bayani, wane ne ya gina wannan, wace gobara ce ta ci wancan, yana nuni da haɓa. Da can da hannu biyu yake labari har ya kan zubar wa mutum da shayi.

Fuskokin mutanen ne suka fi tsaya mini a rai. Baƙaƙe ne kamar mu. Na ga wani tsoho a kan benci sak kawuna na Ƙauran Namoda, har da gibin haƙori, ban san lokacin da na yi masa sallama ba. Ya ɗaga mini babban yatsa ya ci gaba da shan tabarsa.

Sai ƙamshi ya bugo ni. Wata mata cikin farin bujen da ya kai faɗin laima, da ɗaurin ɗankwali, tana zaune gaban kasko tana tsoma ƙullu a manja. Na ce, "Laminu, ƙosai nake gani ko yunwa ce?" Ya ce ƙosai ne, da sunansa kusan irin na Yarbawa. Ta tsaga shi biyu, ta cusa barkono da busasshen jatan lande, ta miƙo mini a takarda. Na gutsura, sai ga ni a ƙofar gidanmu da safe ina jiran 'yar talla. Hawaye ya cika mini ido, na ɗora wa barkono laifi. Na ce ya sa hannu mu ci, ya ce ya ƙoshi.

Ya kai ni wani fili mai gangare ya ce nan ake ɗaure bayi a yi musu bulala a bainar jama'a. Yanzu Turawa ne ke tsalle a wurin ana ɗaukarsu hoto. Ya ce cikin waɗanda aka kawo har da Hausawa, masu salla, masu rubuta laya da Larabci, kuma an ce akwai sauran rubutunsu a ajiye.

"Ka je ka gani?" na tambaye shi, don na san shi da rubutu.

"Ban je ba."

"Sun koma gida kuwa?"

"An ce kaɗan sun koma. Sauran ga jikokinsu nan suna sayar maka da ƙosai."

Akwai coci a kowace kusurwa. Ya ja ni cikin wata da aka lulluɓe bangonta da ruwan zinare tun daga ƙasa har rufi. Na shiga ina istigfari, na fito ina tunanin bayan waɗanda suka ɗauko duwatsun. Da azahar ta yi na samu famfo a wani lambu na ce mu yi alwala, ya ce in yi tawa, shi zai haɗa daga baya. Duk lokacin da na kai hannu wuya zan ciro zoben, sai ya ce saura wuri ɗaya. Raina ya soma ɓaci. Na ce masa ban ratso rabin duniya don in ƙirga coci ba. Ya ce, "Tamam, na ji. Wannan ne na ƙarshe, khalas."

Muka hau bas zuwa wata coci a kan tudu, can gefen gari. Shingen ƙarfen da ya kewaye ta ba a ganinsa saboda ƙyallaye, sirara masu launi iri-iri, an ɗaura su bisa juna iska na kaɗa su. Mutum zai saya ya ƙulla, ya roƙi buƙatarsa. Masu tallan ƙyallen suka yo kanmu, da suka ga Laminu sai suka ja da baya suna dariya suna kiran sunansa. Wata mata mai ƙiba ta ciro dami guda daga jakarta ta rataya masa a wuya, tana yi masa faɗa da yarensu, da alama don bai fito da safe ba.

Na dube shi. Ya ce, "Nan ne ofishina, Ustaz. Bayanin da na yi maka duk a bakin masu zagayawa da baƙi na tsince shi."

Sai na gane shi ma tallan ƙyallen yake yi. Ya wuce gaba na bi shi zuwa wani ɗan ɗaki a gefen cocin. Bangon cike yake da hotunan mutane, amma rufin ne ya sa gabana ya faɗi. Ƙafafu ne da kawuna da hannaye na kakin zuma, a rataye da zare, rututu. Ya ce idan mutum ya yi ciwo ya warke, sai ya sayo siffar gaɓar ya kawo nan don godiya.

"Kullum ina shigowa in duba," in ji shi. "Hannaye kamar a kasuwa, babu na sayarwa ga irina."

Sai ya zaro hannun daga aljihu. A wuyan hannu ya ƙare. Fatar ta haɗe ta yi ƙulli, ya sa mata safar jarirai.

Na fita na zauna a kan matakala. Ya zauna kusa da ni ya ba ni labarin a taƙaice, kamar na wani. Inji ne ya kama rigarsa a wurin aikin kaji. Da takardun wani yake aikin, don haka a wurin kamfanin ba shi ne ya ji rauni ba, wanda ya ji raunin yana can da hannayensa biyu. Da aka sallame shi daga asibiti ya hau mota ya yi ta tafiya har inda babu wanda ya san shi. Ya gwada rubutu da hagu, ya ga abin da ya fito, ya karya alƙaluman.

Na ce, "Ka dawo gida, Laminu."

"Wane gidan? A Masar ba ni da takardar iƙama. Damagaram ban san kowa ba. In koma Ainu Shams in zauna a kusurwa, tsohuwa na tuƙa tuwo tana ciyar da ƙato? Don in yi rubutu ta ƙona hannayenta a tukunya."

Na ciro zoben na faɗa masa abin da ta ce, har da zancen dama. Ya yi dariyar da ba ta da daɗin ji ya ce, "Hajiya ke nan. Ta fi 'yan sandan Masar bincike." Ya daɗe yana juya zoben a tafinsa. Sannan ya kama gwiwata ya ce in yi masa alkawari don Allah ba zan faɗa mata ba. Na ce ni ba zan yi wa matar nan ƙarya ba. Ya ce bai ce in yi ƙarya ba, in miƙa mata waya kawai in kama bakina. Na ga idonsa, na yi alkawarin.

Na sa masa zoben a hagu, ya yi masa yawa. Muka tsaya a gaban shingen ƙyallaye, ya sakaya dungulmin a bayana kamar ya dafa ni, ya ɗaga mai zoben a ƙirji, matar nan mai ƙiba ta ɗauke mu. Ya karɓi wayar ya latsa da babban yatsa, sai hoton ya juya kamar a madubi, hagu ta koma dama. Na duba, na sake dubawa, ban ga aibu ba. Washegari ya raka ni tasha, ya sa mini ƙosai a jaka, bai tsaya ganin tashin motar ba.

Na yi kwanaki a Alƙahira ina kewaye Ainu Shams kamar mai tsoron kare. Ranar Juma'a bayan an sauko na yi ta maza na hau benen. Hajiya ta yi mini sannu da hanya, ta tambayi azumi, ta tambayi ruwan ƙasar da abincinsu. Ba ta tambayi ɗanta ba sai da ta ajiye mini tuwo ta ga na ci na wanke hannu, don ita ba ta karɓar labari a bakin mai yunwa.

Na miƙa mata wayar. Ta sa tabarau, ta buɗa hoton da yatsu biyu, ta tsaya a kan zoben.

"Masha Allah. Ga zoben Alhaji."

Na ji wani sanyi ya sauko mini, na ce a raina mun tsira. Ta matsar da hoton sama zuwa fuskarsa, ta daɗe a nan. Sannan ta cire tabaran ta ajiye a cinya.

"Nura, ranar da wanzami ya yi wa yaron nan bille, ina zaune ina kallo, yayata ce ta riƙe kansa. A kuncin hagu aka yi shi. Ni na yi ta shafa masa magani har ya warke. Yau ga shi a dama."

Na sunkuyar da kai. Shekara da shekaru ina kallon fuskar Laminu, shi ma kullum yana ganinta, amma cikinmu babu wanda ya tuna.

"Ya sa ka yi alkawari ko?"

Na ce, "E, Hajiya."

"To riƙe alkawarinka. Ɗago ka dube ni kurum."

Na ɗago. Ta ɗaga hannunta na dama, mai tabon ƙuna, ta kama yatsun da hagu tana kallon idona. Ta gangaro ta kama tafin. Ta gangaro ta zagaye wuyan hannun, a nan idona ya kasa, na mayar da shi ƙasa.

Ba ta yi kuka ba. Ta zauna riƙe da wuyan hannunta har aka buga ƙofa, ɗalibai sun zo cin tuwon Juma'a, ana jin hayaniyarsu a matakala. Ta miƙe da ƙyar, ta gyara ɗankwali, ta miƙo mini wayata.

"Idan ya kira ka, ka ce na ga hoto, na ji daɗi. Ka ce zoben ya yi masa kyau."

Ta je ta buɗe musu ƙofa, ta koma kan tukunya ta ɗauki muciya.